Yadda ake gane tsohuwar bindigar farautar manyan namun dawa a kuma dawo da ita aiki

Bindigar ta zo mana a naɗe cikin tsohon bargo, an ɗaure da igiya wuri uku. Ta wani dattijo ce da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa maharba baƙi jagora a dazuzzukan farauta da ke kewaye da gandun Binuwai da na Faro, kudu da Garwa. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a bayan kwabat, har iyalinsa suka yanke shawarar sayar da ita ta hannun dillali mai izini. Da aka kwance bargon sai ga ƙarfe ya yi ja-ja, ƙota ta yi baƙi ƙirin da maiƙo. Ƙanena ya dube ta ya ce, "Yaya, wannan ai sai sanfefa da fenti." Na ce ya mai da sanfefarsa aljihu. Yawancin tsofaffin bindigogin da na ga sun lalace, hannun mai gyara ne ya kashe su, tsatsa kuwa ta bar su da sauran rai.

Irin wannan bindiga domin ɓauna da dorina aka yi ta, dabbobin da in ka harba ba su faɗi ba, kai za su nufo. Saboda haka ƙyallin waje ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne ka san ko wace ce ita, wane harsashi take ci, ko cikinta lafiya, sannan ka taɓa abin da ya zama dole kawai.

Takarda kafin ƙarfe

Kada ka miƙa ko sisi sai ka ga takardun mai ita, ka kuma gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin ƙarfe, harafi da harafi. A Kamaru dokar makamai ta watan Disamba 2016 ce ke aiki, kuma sai da izinin hukuma ake saye da riƙewa. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, na amfanin kai irin na farauta waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, da kuma bindigar toka wadda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar nan ta shafi gyara ma, ba kowane maƙeri ne aka yarje wa ya kwance bindiga ba. Lasisin mamaci ba ya bin gado kamar gona, sai magaji ko mai saye ya nemi nasa.

In ka ga an kankare lamba, ko an buga wata a kan wata, tashi ka bar wurin, komai arharta. Kuma lasisin bindiga daban, izinin farauta daban. Cikin gandun da aka killace ba a harbi, giwa kuwa irin 'yan tsirarun da suka rage a Yankari, babu mai hankalin da zai ɗaga musu bindiga.

Karanta abin da aka rubuta a jikinta

Da farko juya bakinta inda babu kowa, ja sakata baya, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu, duba mazaunin harsashi da ke gindin bututu da ido, sa yatsa ka taɓa, buɗe murfin gidan harsashi na ƙasa. Tamu harsashi biyu muka samu a cikinta, sun yi kore, alhali iyalin sun rantse babu komai. Ba ƙarya suka yi ba, ba su taɓa buɗewa ba ne.

Sai ka samo tsumma da ɗan kananzir ka goge wuraren rubutu a hankali, ka fita da ita hasken rana, ko ka haska tocila daga gefe don inuwa ta fito da haruffa. Goga alli a kai ka share, farin zai zauna cikin rubutun. Ɗauki hoton kowace alama da waya kafin ka ci gaba. Wuri huɗu ake dubawa: saman uwar ƙarfen da sakata ke gudu a ciki, gefenta na hagu, gindin bututu, da hannun sakata. Lambar da ke kan sakata ta dace da ta jikin bindiga. In sun saɓa, an sauya sakata ke nan, kuma wannan magana ce babba da za mu komo kanta.

A tamu an rubuta ZKK 602 da sunan birnin Brno, da kuma cewa a Chekoslobakiya aka ƙera ta. Wannan kaɗai ya ba mu iyaka, domin ƙasar ta rabu biyu ranar 1 ga Janairu 1993, ka ga ta girmi wannan rana. Kusa da lambar akwai ɗan hatimin zaki da harafin N, da lambobi biyu, 81. Hatimin na gidan gwajin bindigogi ne, yana nufin an harba ta da harsashi mai ƙarfin da ya wuce na yau da kullum ta kuma jure, lambobin biyu kuwa shekarar gwajin ce, 1981. Jerin ZKK ya fito tsakiyar shekarun 1960: 600 da 601 na ƙananan harsasai ne, 602 ita ce doguwar da ke ɗaukar manya. Na farko-farko suna da ɗan saiti mai huda da ke ɓoye a bayan uwar ƙarfe, a danna ya tashi. In ka samu mai shi, ka san ta tsufa, kuma masu tara bindigogi sun fi son ta. Wannan ƙira ta cika sansanonin farauta na Afirka saboda dalili biyu: tana da araha a kan na Ingila, kuma gidan harsashinta na ɗaukar babban harsashi mai lamba .375 guda biyar, inda da yawa ke tsayawa a uku ko huɗu.

Wasu ƙasashen ma kowace da hatiminta. Ta Ingila za ka ga na Landan ko na Bamingham, wanda gidan gwajinsa ke aiki tun 1813. Haruffan BNP ƙarƙashin kambi na Bamingham ne, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa sama. Ta Jamus mai kambi a kan N yawanci ta kafin 1939 ce, mai gaggafa a kan N ta bayan nan ce. Haruffan ELG cikin ƙwai na birnin Liyej ne a Beljiyam. Amurka ba ta da gidan gwaji na gwamnati, don haka a can lamba ce ke magana: Winchester Model 70 da aka fara a 1936 an sauya ƙirarta a 1964, sababbin suka fara daga lamba 700,000, kuma mai lambar da ba ta kai nan ba ita ce ta fi daraja nesa.

Yanzu dubi sakatar kanta. In akwai wani dogon ƙarfe shimfiɗe a gefenta, kansa kamar farce, to jinin Mauser 98 ce, ƙirar da Paul Mauser ya kammala a 1898. Farcen nan yana cafke gindin harsashi tun yana tasowa daga gidansa, ba ya saki sai ya jefar da kwanso. Shi ya sa masu bin sawun ɓauna ke son sa. Manyan kamfanonin Landan irin su Rigby ma a kan ƙarfen Mauser suka gina nasu. Amma a nan ake cuta: sunan babban kamfani a kan bututu ba shaida ba ce. Hatiman gwaji su dace da sunan, da ƙasar, da zamanin. Ga mai tsada irin ta Rigby ko Holland & Holland ko Westley Richards, kamfanonin suna riƙe da tsofaffin littattafan cinikinsu, ana iya tura musu lamba a tambaya.

Wane harsashi take ci da gaske

Rubutun gindin bututu zai gaya maka harsashin da aka ƙera ta dominsa. Waɗanda aka fi cin karo da su: .375 H&H na 1912, .416 Rigby na 1911, .404 Jeffery, .458 Winchester na 1956, da 9.3x62 da Otto Bock ya fitar a Balin a 1905 domin Jamusawan da ke zaune a Afirka, lokacin Kamaru tana hannunsu. Tamu .375 H&H ce. Kansa ya kai giram 19 da ɗoriya, yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa. Ingilawa suna lissafa shi cikin matsakaita, amma shi ne mafi ƙanƙantar da Tanzaniya ta yarda a tunkari dabba mai haɗari da shi, kuma shi ne aka fi samu a kanti.

Sai dai rubutu yana faɗin yadda aka haife ta ne, ba abin da aka yi mata daga baya ba. An sha faɗaɗa mazaunin .458 Winchester ya koma .458 Lott, wanda kwansonsa ya fi tsawo, ko a mai da .375 H&H ta zama .375 Weatherby, kuma ba kowane maƙeri ke sake buga rubutu ba. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: maƙeri ya toshe bututu da tsumma, ya zuba wani ƙarfe mai saurin narkewa da ake kira Cerrosafe, wanda ke narkewa tun ruwa bai tafasa ba, ya bari ya daskare, ya turo shi waje ya auna. Siffar mazaunin ce za ta fito sak. Kada ka yarda da "ai na gwada harsashi ya shiga". Shiga daban, dacewa daban.

Leƙa cikin bututu

Nan ne kuɗinka yake. Cire sakata, sa farar takarda a ɗaya bakin don ta maido haske, ka leƙa daga baya. Mu da muka leƙa, duhu muka gani. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, laka ta bushe kamar tsawon yatsa daga baki. Da wani ya harba a haka, da bututun ya kumbura ko ya tsage a hannunsa. Mun jiƙa lakar da kananzir kwana ɗaya, muka turo ta da sanda daga baya. Tun daga ranar ba na barin bakin bindiga a buɗe a daji, ɗan salatif nake liƙawa.

Ka wanke kafin ka yanke hukunci, domin datti kan yi kama da lalacewa. Sanda doguwa guda ɗaya, mai rufi, da buroshin tagulla daidai faɗin bututun, kuma kullum daga baya ake shiga, ba daga baki ba. In akwai alamar an yi amfani da tsofaffin harsasan zamanin Turawa, fara da ruwan zafi. Makunnin waɗannan harsasai, wato ɗan maɓallin gindin kwanso da allura ke sara, yana barin gishiri a bututu, gishirin nan kuwa mai ba ya narkar da shi, ruwa ne kawai. Zuba ruwan zafi ta mazurari har ƙarfen ya ɗauki zafi, ka busar nan take, ka bi da mai. Bayan haka sai maganin wanke jan ƙarfe, mai warin amoniya. Tsumman zai fito shuɗi-shuɗi. Kada ka bar maganin ya wuce minti goma zuwa sha biyar a ciki, ka share ka maimaita har tsumma ya fito fari. Mu kwana uku muka yi muna wannan.

Da ya yi tsabta, ga abin dubawa. Murɗaɗɗun layukan ciki su fito da kaifi tun daga gaban mazauni har baki. In farkonsu ya shafe, ko ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasar fadama da rani, wuta ta ci wurin. Ƙananan ramukan tsatsa nan da can ba sa hana babbar bindiga harbi daidai a mita hamsin ko ɗari, sai dai za ta riƙa saurin datti. Abin da ba a yafewa shi ne baƙin zobe a tsakiyar bututu. Tura tsumma mai matsewa a hankali: in ya zo wani wuri ya yi sako-sako sannan ya sake matsewa, kumburi ne, bututun ya gama aiki. Ka kuma dubi leɓen baki da gilashin ƙara girma. Ɗan targaɗe a nan yana karkatar da harsashi, amma wannan gyara ne mai sauƙi a wurin maƙeri.

Abin da ba naka ba ne

Akwai aikin da mai bindiga zai yi a tsakar gidansa, akwai wanda in ya sa hannu ya ɗauki alhakin ransa da na wanda ke tsaye kusa da shi. Tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi tana cikin na biyu. In ta yi yawa, kwanso zai miƙe ya tsinke, iskar wuta ta dawo fuska. Maƙeri na da 'yan ƙarafan awo guda biyu: ɗaya dole sakata ta rufe a kansa, ɗaya kuma bai kamata ta rufe ba. Harsasai masu ɗamara a gindi, irin .375 H&H da .458 Winchester, ma'auni ɗaya suke amfani da shi. Wannan awo wajibi ne ga kowace tsohuwar bindiga, ga wadda aka sauya wa sakata kuwa wajibi ne sau biyu. Shi ne kuma zai duba haƙoran sakata biyu na gaba da mazauninsu, ko sun lotsa ko sun tsage.

Kunama ma haka. Kada ka sa mata zarto ko dutsen wasawa. Abin da za ka iya shi ne gwaji, bindiga babu komai a ciki: ɗana ta, sa makulli, wato ɗan maɓallin da ke hana ta tashi, ja kunama da ƙarfi, saki, sannan ka cire makullin. In allura ta faɗa da kanta, akwai matsala. Sake ɗanawa ka buga gindinta a kan tabarma sau uku, sannan ka rufe sakata da ƙarfi sau da yawa. Ko sau ɗaya ta tashi, maƙeri za ta. Kuma ga wani abu game da ZKK da ya kamata kowa ya sani: makullinta a juye yake. Turawa gaba ne kullewa, jawowa baya ne shirin harbi, saɓanin yawancin bindigogi. Wanda hannunsa ya saba da wata ƙirar sai ya yi ta maimaitawa har yatsa ya haddace, domin ranar da ɓauna ta taso babu lokacin tunani.

Kwancewa da maganin tsatsa

Samo sukuddireba da bakinsa ya cika tsagar kusa daidai, faɗi da kauri. Na kasuwa mai baki kamar tsinke shi ke tauna kawunan kusoshi. Ɗiga mai mai ratsawa, ka bar shi ya kwana. Kusar da ta ƙi, ɗora sukuddireban ka ɗan ƙwanƙwasa kansa, kada ka kai mata wuta. Kowane ƙarfe ka cire ka ɗauki hotonsa, ka jera su a faranti bi da bi. In akwai kusa a ƙarƙashin ƙotar gaba da ke kama bututu, kada ka manta da ita, in ba haka ba garin ɗagawa ka tsaga katako.

Wanke ƙananan ƙarafa da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Cikin sakatar tamu man gyaɗa ne ya daskare ya zama kamar ƙaro, har allura na tafiya da nauyi. Man girki ba na bindiga ba ne, baƙin mai ma haka. In babu man bindiga, man keken ɗinki ya fi su duka.

Tsatsar sama-sama, jiƙa ta da mai ta kwana, ka shafa da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ba tare da dannawa ba. Inda ta yi ɓawo, kankare da gefen tsohon kwanson tagulla da aka daddale, don tagulla ba ta kai ƙarfen tauri ba. Wadda ta yi yawa kuwa akwai dabarar da na fi so, domin da ita ake yin rinin bindiga tun asali. Wanke maiƙo tas, ka tafasa ƙarfen cikin ruwan sama ko tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba, kamar minti talatin zuwa arba'in. Jar tsatsa za ta juye ta zama baƙa. Fito da shi, zafinsa zai busar da shi, ka share ƙurar da soso mai laushi, ka jiƙa shi da mai kwana ɗaya. Mun sa an lanƙwasa mana doguwar kwatarniya ta kwano don bututun ya kwanta. Da muka share, baƙin asali ya fito a wuraren da muka ɗauka ya tafi. Ƙanena ya daɗe yana juya shi a rana bai ce komai ba.

Ruwan tsami, lemun tsami, asid, injin gurza, duk suna cinye rinin tare da tsatsar, su shafe hatimai, su dakushe kusurwoyi. Wurin da hannun dattijon ya goge har ya yi fari, a ƙasan gidan harsashi inda yake riƙewa in yana tafiya, mun bar shi yadda yake.

Ƙota

Shurin .375 ya kusan ninka na matsakaicin harsashin farauta irin .30-06, kuma katako ne ke shanye shi duka. Don haka nemi tsaga a wuri uku: bayan wutsiyar ƙarfe inda hannu ke kamawa, siririn katakon da ke tsakanin gidan harsashi da kunama, da bayan ramin da ƙarfen tokare shuri ke zama. Shafa ɗan kananzir, tsagar za ta sha ta fito baƙa. Ka kuma murɗa ƙotar a hankali da hannu biyu ka ga ko wani wuri zai buɗe baki. Tamu ta tsage a na biyun, wanda sananne ne ga wannan ƙira.

Gam ba ya kama katako mai maiƙo, don haka sai an fitar da man tukuna. Kwaɓa garin alli da asiton, wani ruwa mai narkar da maiƙo, ya yi kauri, shafa a wurin, ajiye a inuwa mai ɗumi nesa da wuta. Allin zai ja man ya koma ruwan ƙasa. Karkaɗe ka sake, har ya daina canza launi. Mu sau shida muka yi. Sannan ka buɗe tsagar kaɗan, ka tura gam mai haɗi biyu, irin mai jinkirin bushewa, ba na minti biyar ba, har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Naɗe da robar cikin tayar keke, ita ce ke matsewa ko'ina daidai ba ta bar tabo ba. Bar shi kwana biyu.

Liƙi kaɗai ba zai hana ta sake tsagewa ba in ba a kawar da sanadin ba. Sanadin shi ne ƙarfe yana motsi cikin katako. Maƙeri zai ratsa kusoshi biyu ta gefe, ɗaya bayan matokarin shuri, ɗaya gaban kunama, ya shimfiɗa gam a mazaunin ƙarfen don ya zauna daram, ya kuma bar 'yar tazara kamar kaurin kati a bayan wutsiya, don kada ta riƙa saran katako kamar gatari duk harbi.

Sauran aikin naka ne, kuma shi ne mai daɗi. Inda katako ya lotsa, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga mai zafi, tururi zai taso da shi, in dai zaren katakon bai yanke ba. Zanen riƙo na hannu buroshin haƙori kawai yake so, sanfefa ba ta zuwa wurin. A sauran jiki ma in ka ci katako da yawa, ƙarfe zai fito ya yi tsayi a kansa, kuma babu mai mayarwa. Man da ake shafawa shi ne dafaffen man linsid: ɗigo kaɗan a tafin hannu, ka murza har wurin ya yi ɗumi, ka share ragowar bayan rabin sa'a, ka bari ya bushe kwana ɗaya ko biyu kafin ka ƙara. Shafa takwas zuwa goma sun isa. Tsumman da ka yi aiki da shi kada ka dunƙule ka jefa kwando, yana iya kama wuta da kansa, shimfiɗa shi a waje ko ka tsoma a ruwa. Ka shafa man har cikin ramukan da ƙarfe ke rufewa da ƙarƙashin robar kafaɗa, ta nan damina ke shiga. Robar kuwa in ta ƙandare kamar tayar da ta sha rana, sauya ta.

Haɗawa da gwaji

Wajen haɗawa, tsayar da bindigar a kan gindinta don ƙarfe ya zauna baya, ɗaure kusar gaba tukuna sannan ta baya. Ɗan giris a bayan haƙoran sakata, mai kaɗan a sauran wurare, mazaunin harsashi kuwa a bushe.

Gwajin ɗaukar harsashi da na bogi ake yi, marasa albarushi da makunni, ba da masu rai a cikin gida ba. Cika gidan taf, ka ja sakata da sauri iyakar ƙarfinka, kamar yadda za ka yi in rai ya ɓaci, sannan ka sake a hankali. Gwada da masu zagayen kai da masu faffaɗan kai, ka karkata ta gefe, ka kifa ta. Kowane harsashi ya shige ƙarƙashin farce ya tafi sumul, kowanne ya fita ya faɗi nesa. In na ƙarshe yana tsalle ko yana nutsewa, yawanci sifirin gidan harsashi ne ya gaji. Buga murfin ƙasa da tafin hannu ka ga ko zai buɗe, domin murfin da ke zubar da harsasai a ƙafar maharbi bayan harbin farko ya jawo wa mutane masifa.

Harbin farko a filin da hukuma ta yarda ake yi, maƙerin na tsaye. Namu ya kwantar da ita a kan tsohuwar taya, ya danne da buhunan yashi, ya ɗaura doguwar igiya a kunama, muka koma bayan katanga. Sabon harsashi na kamfani ake sawa. Waɗanda aka tsinta tare da bindigar a miƙa wa hukuma ko dillali, kada a harba. Zafi yana lalata albarushi, tsofaffin .458 ma sun yi suna wajen dunƙulewar albarushi bayan sun daɗe a ƙasa mai zafi, ga shi Garwa a watan Maris da Afrilu tana haura digiri 40. In ka ja kunama ba ta tashi ba, bar bakinta yana kallon gaba minti guda cur kafin ka buɗe.

Bayan kowane harbi dattijon maƙerin yakan ɗauki kwanson ya juya shi a tafin hannu. Na tambaye shi, "Baba, me kake nema?" Ya nuna mini da farce: ko makunni ya baje ya cika raminsa, ko akwai farin zobe sama da ɗamara, ko wuya ya tsage, ko baƙin hayaƙi ya biyo gefe. Ya kuma ce in lura da hannun sakata, in yana ɗaguwa da ƙyar, a tsaya. Uku muka harba da igiya, kwanson duka suka fito kamar sababbi. Sannan ya miƙo mini ita.

Fara saiti a mita 50, a tsaye, da sandunan dogarawa, kafaɗa a matse. Saitin ZKK 602 ganye uku ne, na mita 100 da 200 da 300, amma na farkon ne za ka yi rayuwa da shi. Harsashi uku suka faɗa wurin da tafin hannu zai rufe, ɗan hagu kaɗan, maƙerin ya ƙwanƙwasa saitin baya zuwa dama da guntun tagulla. Bayan harbi goma sake duba kusoshi da wurin da ka liƙa.

Ajiya

Kada ta kwana cikin kube na fata ko bargo, suna riƙe laima. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsasai a wani wurin daban da nasu makullin, mabuɗan kuma inda yara ba su sani ba. Jingine ta baki ƙasa a kan tsumma, don mai ya gangara waje maimakon ya koma cikin ƙotar da ka sha wahalar tsotsewa. Da damina duba ta duk mako biyu, ka sa ƙunshin nan masu shan laima a akwatin, ka riƙa shanya su. Da hunturu katako yana ƙanƙancewa, kusoshi su saki, don haka farkon buɗe farauta a watan Disamba ka bi su da sukuddireba ɗaya bayan ɗaya, ka goge man cikin bututu, ka leƙa ta baya ka ga haske ya fito zagaye kafin ka sa harsashi.